Birenbos da tiraka na ƙonewa a tirela: me kuka gani?

Mai wayarin, Kwangila:
Salamu alaikum. Masu DAF da MAN da Howo suna yawan kawo kukan birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji) ko tiraka (na'urar bibiyar inda mota take) ta ƙone ba gaira ba dalili. Galibi kan batir ne ya saki. Tirela na tafiya, altaneta na caji, aka faɗa rami kan batir ya ɗaga, wutar ta rasa inda za ta zuba sai ta bi wayoyi. A motar 24V tana iya haura 150V, ba ta kai rabin daƙiƙa ba, amma ta gama ɓarna. Shi ya sa cire kan batir inji na aiki don a gwada caji ganganci ne. A sa mita: lafiyayyen caji yana wajen 27.5 zuwa 28.5V. Ya wuce 29V, a duba rigileta, wato mai daidaita ƙarfin cajin altaneta.

Direba, Sabon Gari:
Gaskiya ne Oga. Haka ma makunnin da ke yanke batir gaba ɗaya, kada yaron mota ya murɗa shi sai an kashe inji.

Mai walda, Tudun Wada:
Ta wajenmu ma ana ƙona su. Kafin a taɓa shasi da walda, a kashe mota, a cire kan nagatif tukuna, sannan fozitif, a zare soket ɗin birenbos. Maƙalin injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe kuma a kama shi dab da inda ake aiki, a kan ƙarfen da aka kankare tsatsarsa. In aka kama shi can nesa, wutar za ta nemi hanya ta siraran wayoyin mota.

Mai wayarin, Kwangila:
Allah ya saka, Malam. Abin da ya fi damuna shi ne masu jan 12V daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya. Batiran biyu ne a jere. Ɗaya zai riƙa raguwa, ɗayan caji ya yi masa yawa har ruwansa ya ƙafe. A sayi kwambata mai sauke 24V zuwa 12V, a sa mata fiyus dab da batir. Don tiraka kuwa, a ƙara dayod mai shanye hauhawar wuta, irin SM8S33A, tsakanin fozitif da nagatif, bayan fiyus ba gabansa ba, domin in dayod ɗin ya mutu a haɗe, fiyus ne zai yanke.

Makanike, Samaru:
Ƙari kan tayar da mota da batirin wata: a tabbatar duka 24V ne. Yawancin Mack na Amurka 12V ne ko da batiransa sun yi yawa. A karanta haɗin wayoyin, kada a ƙidaya batir.