Ina son a zuƙe min kitsen cinya, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Shekarata 34, haihuwa uku. Na rage ƙiba sosai amma cinyoyina sun ƙi motsi. In na yi tafiya da zafin nan sai su goge har su saɓule, wurin ya yi baƙi ƙirin. Wata dillaliya ta haɗa ni da wani asibiti a Istanbul, wai a zuƙe kitsen, kwana biyar in dawo gida. Maigida ya ce in bincika tukuna. Ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko da matsala?

Wata nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwana biyar ɗin nan ne ya tsorata ni. Babban haɗarin aikin cinya shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ƙwayar tazara mai sinadarin istrojin tana ƙara wannan haɗarin, shi ya sa likitoci kan dakatar da ita kamar mako 4 kafin babbar tiyata. Ki haɗa da zaman awanni a jirgi, ƙafa a naɗe. Shi kansa kitsen yana iya shiga jini ya kai huhu. Ruwan da ake ɗurawa kafin a zura bututun zuƙar kitsen kuma akwai maganin kashe zafi a ciki, lidoken, in ya yi yawa yana taɓa zuciya. Duk aikin da abin da aka zuƙe ya haura lita 5 babba ne, sai an kwantar da mutum ana lura da shi. Dillaliyar ta faɗa miki ko ɗaya?

Maman biyu: Ni an yi min, bari in gaya miki gaskiya. Mako shida ina cikin matsattsen wando dare da rana, fitsari ma aiki ne. Ruwa ya taru a cinyar hagu, sau biyu ana zuƙewa da sirinji. Fatar cikin cinya siririya ce, tawa ba ta koma ba, ta saki, ga gargada kamar katifar da ta kwana biyu. Baƙin kuwa yana nan, har da ƙarin tabo inda aka huda. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne, ki faɗa wa likita tun wuri.

Wata Hajiya: 'Yata, Stella Obasanjo matar shugaban ƙasa ce a lokacin, a Sifaniya aka yi mata a 2005, ba ta tashi ba. Nata na kitsen ciki ne, amma dai kin ji.

Wata nas: Na manta. Cinyar na miki ciwo in an danna, ko jini na saurin taruwa a ƙarƙashin fatar in kin ɗan bugu? Akwai lalurar taruwar kitse a ƙafafu da rage cin abinci ba ya taɓa ta, ki fara ganin likita a duba.

Mai tambaya: Wallahi Anti tana ciwo, na ɗauka gajiya ce. Dillaliyar tana ta kira in tura kafin alƙalami, ban ɗaga ba.