Maganin ciyawa da maganin ƙwari: za a iya haɗa su a famfo ɗaya?

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum. Masara ce da wake a gona ɗaya, masarar ta kai sati uku. Ciyawa ta taso, ga kuma tsutsa tana huda ganye. Ko zan iya zuba maganin ciyawa da na ƙwari a famfo ɗaya in yi feshi sau ɗaya? Kuma mene ne ainihin bambancin aikinsu?

Malamin Gona Giwa:
Wa alaikumus salam. Malam, a gonar da ke da wake kada ka yi haka. Maganin ciyawa tsiro yake kashewa, kuma ba ya gane wanda ka shuka da wanda ya fito da kansa, sai dai in an yi shi don wani amfani takamaimai.

Glyphosate, wanda ake sayarwa da sunan Roundup ko Force Up, ba ya zaɓe. Ta ganye yake shiga, ya gangara har saiwa, ya toshe hanyar da tsiro ke haɗa sinadaran gina jikinsa. Shi ya sa ba ka ganin komai sai bayan sati ɗaya zuwa biyu, kuma shi ya sa yake cin tofa da ƙiri-ƙiri masu saiwa a ƙasa. Lokacinsa kafin shuka ne. Paraquat kuwa inda ya taɓa kawai yake ƙonewa, cikin kwana ɗaya ko biyu, saiwar tana nan za ta sake tohowa. Ga shi guba ce mai tsanani ga mutum, ba ta da makari.

Atrazine ana fesa shi a ƙasa mai danshi da zarar an shuka, ya hana ƙananan ciyayi yin abinci da hasken rana. Masara da dawa suna jure shi, wake da gyaɗa da waken suya ba sa jurewa. Nicosulfuron ana fesa shi kan masarar da ta fito, amma shi ma zai lalata maka wake, haka 2,4-D. A halin da gonarka take, fartanya ce maganin ciyawar.

Hajiya Mai Lambu:
In ƙara a kan na ƙwari. Yawancinsu jijiyoyin ƙwaro suke bugawa. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin sai sun taɓa ƙwaron ko ya ci ganyen da aka fesa. Imidacloprid da dimethoate suna shiga jikin tsiro, don haka sun fi dacewa da masu tsotso irin su darɓa.

Buɗe tsakiyar masarar ka duba. In ka ga kashi kamar garin katako, tsutsar masara ce da ake kira fall armyworm, wadda ta shigo Najeriya a 2016. Tana ɓuya a cikin mazurarin ganye, feshin sama-sama ba ya kai mata. A nemi emamectin benzoate, a saita bakin famfo cikin mazurarin kowane tushe, da sassafe ko da yamma liƙis lokacin da take fitowa ci. A kama ta tana ƙarama, don in ta girma magani ba ya yi mata sosai. Kuma kada a nace wa magani ɗaya duk damina, ƙwarin suna sabawa da shi. Canza sunan kamfani ba canji ba ne, a duba sunan sinadarin a jikin kwalba.

Idan wake ya fara fure, a yi feshinsa da yamma saboda ƙudan zuma.

Injiniyan Feshi:
Inda aka fi yin asara shi ne famfo da awo. Ragowar 2,4-D kaɗan a cikin tiyo ya isa ya murɗe ganyen tumatir ko wake. Wanda yake da hali ya ware famfo biyu ya rubuta a jikinsu. In ɗaya ne, a wanke da omo, a ɗauraye sau uku, kowane karo a tura ruwan ta cikin tiyo da bakin famfon. Bakin ma daban ne: mai watsa ruwa a baje, da manyan ɗigo, na ciyawa ne don kada iska ta kwashe zuwa gonar maƙwabci, mai fitar da hazo a zagaye na ƙwari ne don ya lulluɓe ganye sama da ƙasa.

Awo kuma lissafi ne. In takardar maganin ta ce lita 4 a hekta, kai kuma tafiyarka tana cin ruwa lita 200 a hekta, famfo mai lita 20 cika goma ke nan, kowace cika mililita 400 na magani. Ƙara magani fiye da haka ɓarnar kuɗi ce da ƙona amfani. Ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin glyphosate saboda maganin yana manne wa ƙasa, kuma yana son kamar awa shida ba ruwan sama bayan feshi.

A sa safar hannu ta roba, takalmi, doguwar riga da abin rufe hanci. Bakin famfo in ya toshe ba a hura shi da baki. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada yara su zuba ruwa ko mai a ciki.

Ɗan Kadawa:
Allah Ya saka da alheri. Ganyen waken fa, muna yanka wa dabbobi, akwai matsala bayan feshi?

Hajiya Mai Lambu:
Akwai. Kowane magani yana da kwanakin jira kafin girbi ko kiwo, an rubuta a takardarsa, kuma sun bambanta. Rubuta ranar da ka yi feshi, ka ƙirga daga nan kafin ka yanka.