Neman shawara kan gina gareji da wurin haɗa kayan adon Maulidi da Sallah

Mai tambaya, Sawaba

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ragowar fili a gefen gidana da ke Sawaba, nan Kumasi, faɗinsa ƙafa 16, tsawonsa ƙafa 30, kuma ina da niyyar gina gareji a wurin. Ba mota kaɗai nake so ya ɗauka ba, domin kowace shekara ni da matasan layinmu muke haɗa kayan adon jerin gwanon Maulidi da na Sallah da na walimar saukar Alƙur'ani, kamar ƙubba da hasumiya da jinjirin wata da ƙofar ado da ake kafawa a bakin layi. A tsakar gida muke yanka da fenti, kuma iyali sun gaji da ƙura. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su ba ni shawara a kan tsarin ginin da wutar lantarki da batun izini.

Kafinta, Aboabo

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima. Shawarata ita ce kada ka auna ginin da motarka, ka auna shi da abu mafi girma da kuke haɗawa. Ƙaramar mota tana cin kusan ƙafa 10 a faɗi da 20 a tsawo idan ana so a buɗe ƙofofinta ba tare da takura ba, wato idan ta shiga, abin da zai rage maka bai isa ka yanka falle ɗaya na katakon filaiwud cikin walwala ba, tunda fallen ƙafa 4 ne da 8, kuma mai yanka shi a kan inji yana bukatar sarari a gabansa da bayansa. Da ni ne, sai na yi wa motar rumfar kwano a gaba, na bar cikin ginin ga aiki.

Abu na biyu shi ne tsayi. Magini zai so ya zuba lintal, wato kankaren saman ƙofa, a ƙafa 7 kamar yadda ya saba a ɗakin kwana, kada ka yarda. Na taɓa ganin hasumiyar da aka gama haɗawa aka fente, sannan aka tarar ba ta fita ta ƙofa, sai da aka sa zarto aka raba ta biyu, masu aikin suna kallo kamar su yi kuka. Ka ɗaga rufin zuwa ƙafa 12, ƙofar kuma ta kai 10, a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, masu walda za su yi maka ita ta ƙarfe a kan awon da ka ba su. Tsayin zai ba ka damar yin kanta a sama ta ƙarshen ɗakin, domin wahalar kayan ado ba haɗa su ba ce, ajiye su na tsawon shekara ne.

Kada kuma ka manta da laima. Maulidi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka nan da 'yan shekaru zai faɗa cikin Yuli da Yuni, lokacin da ruwan Kumasi ba ya ba mutum damar shanya fenti a waje. A ɗaga daɓen sama da ƙasar gidan, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankare, a kuma yi feshin maganin gara tun daga tushe. Katakon da ake kira wawa, wanda muke saye a kasuwar katako ta Sokoban, yana da sauƙin ɗauka da sauƙin kuɗi, shi ya sa ya dace da kayan ado, amma gara da ƙwari suna son sa, don haka kada a taɓa jingine shi a ƙasa.

Mai aikin wuta, Asawase

Baba kafinta ya yi magana mai kyau, sai dai ban goyi bayan barin mota a rumfa ba idan gidan ba shi da katanga, domin ɓarayin batir ba su barci. Ana iya shigar da ita da daddare idan teburan aikin suna da taya.

A ɓangaren wuta, Alhaji, a ja wa garejin layinsa na kansa daga akwatin rarraba wuta, da na'urar katse wuta tasa, kada a ɗora shi a kan layin ɗakunan kwana. Wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, ta gida mai layi ɗaya ta ishi injin hannu na yanka da na huda da na goge katako, amma idan kuna da niyyar kawo injin walda ko babban injin fere katako, gara ka nemi mita mai layi uku tun yanzu. A sa soket a daidai tsayin tebur, a kowane bango. Fenti da tina, wato ruwan sirka fenti, da soso da kwali duk makamashi ne, saboda haka a ware musu kabad na ƙarfe nesa da inda tartsatsi ke tashi, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a rataye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. Janareta kuwa wurinsa waje ne, ko da ana ruwa.

Hajiya, Asokore Mampong

Ɗana, kafin ka sauke bulo ko ɗaya, ka je ofishin majalisar ƙaramar hukumarku da takardun filinka da zanen ginin. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta neman izini a rubuce kafin a yi gini, kuma gareji na bulo gini ne, ba rumfa ba. Duk mun san jan rubutun da ake yi a bango na a dakatar da aiki. Faɗin nan na ƙafa 16 ma ina shakkar za a bar ka ka cinye shi duka, domin akan bukaci a bar tazara tsakanin gini da iyakar maƙwabci. Ka kuma zauna da maƙwabcin naka ku daidaita inda ruwan kwanon zai riƙa zuba da lokacin da za a riƙa kunna inji, musamman a makon Maulidi da matasa ke kwana suna aiki.

Mai tambaya, Sawaba

Na gode, Allah ya bar zumunci. Gidan yana da katanga, saboda haka motar za ta zauna a rumfa. Zan fara zuwa majalisa kamar yadda Hajiya ta ce. Baba, idan tazarar ta rage faɗin zuwa ƙafa 12, kantar sama za ta yiwu kuwa, ko in ƙara wa ginin tsawo?