Neman shawara: a ina ake karanta awo a jikin sirinjin gwajin ruwan kifi?

Mai tambaya, daga Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kifin ado a akwatin gilashi, ruwan burtsatse nake zuba musu. An kawo min kayan gwajin taurin ruwa na kamfanin Salifert, wanda aka rubuta KH a jikinsa. Akwai ƙaramin sirinji mai ml 1, da wani siririn baki da ake cusa masa. Takardar ta ce a ja magani har layin 1.00. Idan na ja sai iska ta zauna tsakanin baƙar robar da ke kan sandar sirinjin da maganin, maganin bai kai layin ba. Robar zan bi ko maganin? In fitar da iskar? Ruwa ɗaya ne, amma sakamakon jiya daban, na yau daban.

Ma'aikaciyar jinya, Shika: Wa alaikumus salam ƙanina. Roba ake bi. Duba ta da kyau, tana da zobe biyu, wata har da ɗan tsini a tsakiya. Ka manta da tsinin. Zoben da ya fi kusa da bakin sirinji, inda ya manne da bango, shi za ka ɗora a kan layi, kuma ka ɗaga sirinjin daidai idonka. Iska kuwa mu fitar da ita muke yi, a ɗaga baki sama a ƙwanƙwasa da farce.

Malamin kimiyya, Kongo: Anti ta yi daidai a kan roba, amma da izininki, wannan iskar kada ya taɓa ta. Ita ce wadda ke cikin siririn bakin tun kafin a ja. Da ka ja sanda sai ta hau sama, magani ya cike gurbinta a ƙasa. Ml 1 ɗinka na nan cif, wani sashe ne ya ɓuya a cikin bakin. Sharaɗi dai ka danna sandar har ƙasa kafin ka fara, kuma bakin ya nutse cikin magani har ka gama ja. In ya fito ya zuƙi iska, to wannan kumfar ce mai ɓata awo, ka mayar ka sake.

Sai ka riƙa ɗiga maganin ɗaya-ɗaya a kwalbar ruwan gwaji kana kaɗa ta har launi ya juya daga shuɗi. Kowane ɗan layi a wannan sirinji 0.01 ne. In roba ta tsaya a 0.38, abin da ka zuba 0.62 ne. Jadawalin duba sakamako na wasu kamfanoni saura yake so, na wasu abin da aka zuba, don haka karanta kan jadawalin. Ina zargin nan bambancin jiya da yau ya fito.

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne Malam. Namu jikin mutum yake shiga, shi ya sa ba ma wasa da iska.

Mai kiwon tarwaɗa, Dakace: Ni kayan gwajin kamfanin API nake amfani da shi don auna amoniya, gubar da kashin kifi ke saki a ruwa, ml 5 na ruwa, ɗigo 8 daga kowace kwalbar magani, a jira minti 5. Layin ml 5 na jikin kwalbar gwajin bai cika kwanta min ba, sai na sayi sirinji mai ml 5 a kemis, na jefar da allurar. In kuma layin kwalba za ka bi, saman ruwa yana lanƙwasa, ƙasan lanƙwasar ake dubawa. Launi kuma a fita da shi waje a duba da hasken rana a kan farar takarda, ƙwan lantarki yana ruɗi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Wani sirinjin da na gani cc aka rubuta, zai yi? Lambobin nawa sun fara gogewa.

Ma'aikaciyar jinya: Zai yi, cc da ml duk ɗaya ne. Amma kada su ba ka na masu ciwon suga, lambobinsa na insulin ne kuma allurar yawanci a manne take. Sabon, ka lulluɓe lambobin da farin salatif tun ranar farko. Ka ware na ruwa daban, na magani daban.