Babur ɗin Baba ya shekara goma sha a ajiye, ta ina za a fara?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Marigayi mahaifinmu ya bar babur BMW R80 RT ƙirar 1983, irin mai babban gilashi a gaba da akwatunan kaya a gefe. Tun da ƙafa ta fara damunsa aka tura shi ɗakin ajiya, ya haura shekara goma ba a tayar ba. Tayoyi sun kwanta, tanki na warin tsohon fetur. Ina so in maido shi kan titi, har in je Abuja da shi idan Allah ya yarda. Wani ya ce in sa sabon batir kawai in gwada.

Bakaniken Farin Gada: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Don Allah kada ka sa batir ɗin nan tukuna. Injin da ya daɗe haka a tsaye, baƙin mai ya gama tsiyayewa ƙasa, fistin a bushe yake. Kana danna sitata ƙarfe zai goge ƙarfe. Cire fulogi biyun, ka zuba ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka ɗora shi kan tsayuwar tsakiya, ka sa giya ta biyar, ka juya tayar baya da hannu a hankali. In injin ya juya, Alhamdu lillahi, rabin damuwa ta tafi. In ya ƙi, kada ka tilasta, ƙara mai ka sake jira.

Kawu na Bukuru: Allah ya gafarta masa. Ɗana, ka ji maganar Oga. Na hau irin wannan babur shekaru da yawa, kuma sauƙinsa shi ne komai a fili yake. Silinda biyu ne, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu, iska ke sanyaya su, babu rediyeta balle ruwa. Babu sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya. Amma akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu: daga 1981 kamfanin ya koma yin silinda da wani shafe mai tauri a ciki, Nikasil. Ba ta tsatsa kamar ta ƙarfe, amma ba a yi mata bori, wato ba a faɗaɗa raminta. Duk wanda ya ce maka a kai ta a faɗaɗa, ka karɓi kayanka ka tafi.

Ɗan Gangare: Amin, na gode Kawu. Oga, tankin fa? Na haska da tocila na ga wani abu ja a ciki yana ɓarewa.

Bakaniken Farin Gada: Jan nan fentin kamfani ne na ciki, ba duka ne tsatsa ba. Sauke tankin, ka zubar da tsohon man nesa da wuta, ka kwance famfunan mai guda biyu da ke ƙasa ka wanke rariyarsu. Wanke tankin da kananzir, ka jefa noti kaɗan ka girgiza su kankare abin da ya ɓare. In akwai tsatsa sosai, ruwan tsami na kanti yana cinye ta, amma ka ɗauraye ka busar a rana a ranar, in ba haka ba ta dawo. Ka duba gindin tankin da kyau, nan ruwa ke taruwa ya huda. Tiyon mai duk ka canza, ba tsada.

Kafireta ita ce aikin. Ƙirar Bing ce guda biyu, kuma a saman kowace akwai wata roba siririya da ke ɗaga allura. In ta tsage ko da ɗan kaɗan ne, babur zai tashi amma ba zai ja ba, za ka yi ta zargin fulogi a banza. Ɗaga ta a hasken rana ka duba. Kuma a wanke ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayar, kada kayan dama su shiga hagu. Ramukan mai kuma kada yaro ya zura musu waya, iska za a hura.

Riwaya na Dilimi: Ta ɓangarena, ɓera ne abin tsoro. Buɗe ƙarƙashin tanki da cikin kwanon fitila ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Akwatin iska da salansa ma a leƙa, zanzaro na son gina gida a ciki. Abu biyu ka riƙe. Kafin a buɗe murfin gaban injin, a cire wayar batir ta ƙasa, domin murfin na iya taɓa allon caji ya ƙone shi. Na biyu, jar fitilar caji da ke kan mita, dole ta kama idan ka murɗa makulli, ta mutu idan injin ya ɗauki wuta. In ƙwan ya mutu babur ɗin zai iya ƙin caji, don ta nan wutar farko ke bi. Mutane da yawa sun sayi batir biyu uku saboda ƙwai ɗaya.

Mazaunin Kubwa: Ni fa gaskiya ina ganin wahala za ka saya. Kayan wannan babur ba a gefen titi suke ba. Ko a kasuwar kayan gyara ta Apo a Abuja sai an yi sa'a. Ka sayar wa masu tara tsofaffin kaya, ka cika kuɗi ka ɗauki na zamani ɗan Beljiyam. Ko a ɗora masa wani injin.

Kawu na Bukuru: A'a, ban goyi bayan sauya inji ba ko kaɗan. Injin, gidan giya da farfela a jere suke, an ƙera su tare. Wane inji za ka ɗaura a wurin ba tare da an yanka firam ba? Kuma waɗannan injuna an san su da juriya, abin da ke lalacewa a ajiya roba ce da mai, ba ƙarfe ba. Maganar kaya kuwa gaskiya ce, ba za ka samu a kasuwar Dilimi ta Jos yadda ake samun na Bajaj ba. Amma har yau ana ƙera robobin kafireta, gasket da matatar mai a Jamus da Ingila, kuma ƙanana ne, duk wanda zai dawo gida zai iya saƙo su a jaka. Fulogi, batir, beyarin da man giya kuwa akwai su nan.

Malamin Unguwar Rogo: Kafin a kashe ko sisi, Malam, an raba gado? In babur ɗin bai faɗo a rabonka ba, a zauna da 'yan uwa a yi masa kuɗi yanzu da yake a kwance, ka biya ko su yafe maka a gaban shaidu. Bayan ya tashi yana ƙyalli maganar takan canza.

Ɗan Gangare: Allah ya saka da alheri Malam. An raba, a rabona yake, Hajiya ma ita ta ce in gyara. Yaya na Kubwa na ji shawararka, amma sayarwa ba ta cikin lissafina.

Mazaunin Kubwa: To shi ke nan, Allah ya taimaka. Tunda Abuja kake nufi, bari in faɗi wadda na fi damuwa da ita. Hawan Kibo za ka gangara da babur da ya haura kilo 200. Kada ka yarda da tayoyin nan ko da zanensu bai cinye ba. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Sabuwar da za ka saya ma ka duba, ana sayar da tsohon ajiya. Ta gaba inci 19 ce, ta baya 18, da sabon tib.

Bakaniken Farin Gada: Wannan haka yake. Man birki yana shan danshi, shekara goma a daminar Jos ya zama ruwan shayi. A zubar, a wanke, a sa DOT 4, a canza tiyon birkin gaba. Na baya ganga ce, a buɗe a ga ko takalmin bai saki ba.

Mai kuma wuri huɗu ne, mutane kan manta: inji, gidan giya, gidan farfela, da kan tayar baya. Inji 20W-50, sauran man giya 80W-90. Ka lura da kalar na gidan giya. In ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga ta robar da ke kan wayar mita, sananniyar matsala ce, a canza robar. Wajen sa matatar mai ka tsaya a kai da kanka. Akwai wani farin zoben roba a bakin murfin, in bai zauna daidai ba mai ba zai hau da ƙarfi ba, injin zai ci kansa.

Hajiyar Rikkos: Ni ban san inji ba, amma maigidana na da babba irin wannan. Tunda an hana acaɓa a Jos da Bukuru, jami'ai na tsayar da mai babur ko nasa ne na kansa. Ka maida takardu sunanka, ka sabunta lamba da inshora, ka yi lasisin babur rukunin A, ka sayi hular kwano ta ƙwarai. Kuma ka nemo takardun Baba na asali tun yanzu, su ne ke cin lokaci.

Kawu na Bukuru: Fenti ka bar shi ƙarshe, in ma za a yi. Gilashin gaban kada a goge shi da busasshen tsumma, ƙurar hunturu za ta karce shi, ruwa da sabulu kawai. Ranar tayarwa, a bar fulogi a cire a juya da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar. Kada a bar shi yana aiki a tsaye ya daɗe, ba fanka gare shi ba. Ka fara da zagayen unguwa, sai Bukuru, sai Vom ka dawo, a sake duba bawul da noti. Abuja sai bayan nan.

Ɗan Gangare: Na rubuta duka. Yau da yamma zan zuba man a ramin fulogi. Oga, in ya juya, in kawo maka kafireta kawai ko babur ɗin gaba ɗaya?

Bakaniken Farin Gada: Kada ka kwance komai. Ɗauko shi a bayan a-kori-kura ranar Asabar da safe, a ɗaure shi da kyau ta firam, ba ta robar gaba ba. Ka zo da makullin akwatunan da duk wata takarda ko sifana da ka samu a ƙarƙashin kujera.