Shawarwari kan binciken asalin zuri'a

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake binciken asalin zuri'a, kusan kowa ya ce a fara da tsofaffin gida, a naɗi muryarsu tun suna raye. An fi daɗewa kan sanarwar rasuwa a tsofaffin jaridu, kuma a ganina ta cancanci hakan: takan lissafo 'ya'ya, 'yan'uwa da garin da kowa yake zaune, wani lokaci har sunan mahaifin matar mamacin, wanda shi ya fi saurin ɓacewa.

Game da rubutun kan kabari an yi gargaɗi. Sau da yawa sai bayan shekaru ake kafa dutsen, don haka a gwada kwanan watan da rajistar maƙabarta, a duba su wane ne aka binne kusa. Littattafan tarihin gari sukan fifita manyan gidaje. Shafin intanet na FamilySearch, inda ake neman bayanan asalin zuri'a, kyauta ne, amma a gwada rubuta sunan wanda ake nema ta hanyoyi daban-daban.