"Babba juji ne", har a filin tanis?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Jiya musu ya kaure a majalisarmu kan wasan ƙarshe na gasar tanis ta US Open na 2018, wanda Serena Williams ta kira alƙalin wasa Carlos Ramos ɓarawo. Wani dattijo ya ce ita ce da laifi, wai babba juji ne. To juji komai aka zuba masa sai ya yi shiru, ko da zalunci ne?

Maman Ilham: Ni wallahi abokiyar karawarta Naomi Osaka ce ta ban tausayi, yarinya 'yar shekara 20 ta ci babban kofinta na farko amma tana tsaye tana kuka 'yan kallo na ta ihu. Da Serena ta haɗiye da yarinyar ta ji daɗin ranarta.

Baban Sadik: Ku tsaya, ai jujin a nan alƙali ne, shi ke bisa kujera. Ya yi wa Serena gargaɗi don kocinta ya yi alama da hannu, ta fasa raket ya cire mata maki, ta yi magana ya ba Osaka gem guda sukutum, wato zango ɗaya na wasan. Maza nawa suka zazzagi alƙalai aka ƙyale su?

Na Zinder: Malam ba duka ake ƙyalewa ba fa. An kori ɗan wasan tanis McEnroe daga gasar Ostireliya a 1990, ɗan wasa Djokovic ma yana lamba ɗaya a duniya aka kore shi daga gasar US Open a 2020 da ya buga ƙwallo cikin fushi ta samu mai kula da layi a maƙogwaro.

Hajiya Gwaggo: 'Ya'yana kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ita ce uwargida a cikin mata huɗu, amarya ta zage ta haƙuri, 'ya'yan kishiya su fasa mata tulu haƙuri, kowa sai ya ce Inna ke ce babba, har ranar da aka ce ita ta ɗauke kuɗin adashin amarya alhali a ƙarƙashin katifar amaryar aka gan su. Ranar ta tsaya tsakar gida ta ɗaura zani a ƙirji ta ce juji ma in ya cika wuta ake cinna masa, ta kwashe kayanta ta tafi gidan wanta, sai da maigida ya yi biko da goro da dattawan unguwa. Ƙazafin sata ne ba ta iya haɗiyewa ba, kuma Serena ma ai abin da ya ƙona mata rai kenan, ta ce ita ba ta maguɗi.

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙan Inna. Amma Hajiya ita Serena ai ita ta jefi wani da sata.

Baban Sadik: Mu nan talaka ne juji, su manyan sai lokacin zaɓe suke tuna hanyar unguwa da taliya da atamfa.

Na Zinder: Hhhh an fara. Ita Serena tarar dala 17,000 aka ci ta, namu wa ya taɓa cin tararsu?

Maman Ilham: Hajiya don Allah ƙarasa mana, amaryar ta nemi gafara ko kuwa?